Ɓarakar burauza: yadda bayanan mutum ke zurarewa daga wani shafin intanet zuwa wani

Ɓarakar burauza kuskure ne a cikin manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wanda ke bai wa wani shafi damar ganin abin da ya kamata ya tsaya tsakanin mutum da wani shafin daban. Mai waya zai iya buɗe akwatin saƙonsa na Gmail, ya bar shi a buɗe, ya leƙa wani shafi don duba sakamakon ƙwallo, sai shafin ƙwallon ya gano ko shi wane ne, alhali bai rubuta sunansa ba, bai kuma sauke komai ba. An sha gano irin wannan ɓaraka a manyan manhajoji kamar Safari da Chrome, kuma kamfanonin da suka ƙera su kan toshe ta cikin kwanaki ko makonni. Abin da ya fi shafar garuruwa irin su Binduri da Bawku da Yendi da Salaga shi ne gyaran ba ya isa kowace waya. Wayar da gyara bai isa gare ta ba kuwa tana nan a buɗe, ko da sauran duniya ta daɗe da mantawa da matsalar.

Burauza da amanar da ke wuyanta

Burauza, wadda masu Faransanci ke kira navigateur, ita ce manhajar da ke ɗauko shafi daga intanet ta nuna shi a fuskar waya ko kwamfuta. Chrome da Safari da Firefox da Opera Mini duk burauza ne. Akwai kuma wata ƙaramar burauza da ke ɓoye a cikin wayoyin Android mai suna WebView, wadda manhajoji da dama ke amfani da ita wajen buɗe adireshin da aka danna a cikinsu. Saboda haka mutumin da ya ce shi ba ya shiga burauza, manhajoji kawai yake buɗewa, sau da yawa yana cikinta bai sani ba.

Shafukan zamani ba rubutu da hoto kaɗai suke turowa ba. Suna haɗowa da umarni da aka rubuta da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, wanda ke aiki a cikin wayar mai karatu. Suna kuma ajiye 'yan bayanai a wayar, kamar kukis, wato ƙananan alamomin da ke sa shafi ya gane mutum idan ya dawo, ba sai ya sake shigar da kalmar sirri ba. Ke nan a lokaci guda burauza na riƙe da ajiyar banki, da ta saƙonni, da ta wani shafin da ba a san mai shi ba.

A zamanin cinikin goro, fataken da ke zuwa Salaga daga Kano da Katsina kan sauka a wurin maigida, wanda ke ba su masauki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da abokan ciniki. Baƙi da yawa a gida ɗaya, kowa da ɗakinsa da kayansa, kuma mutuncin maigida ya rataya ne a kan kada kayan wani su shiga hannun wani. Aikin burauza ke nan.

Ƙa'idar asali ɗaya

Dokar da ke raba waɗannan ɗakuna ita ake kira ƙa'idar asali ɗaya. Kamfanin Netscape ne ya fara shigo da ita a tsakiyar shekarun 1990, jim kaɗan bayan ya fito da JavaScript, kuma yau duk wata burauza a kanta take tafiya. Asalin shafi abu uku ne: hanyar da aka bi aka ɗauko shi, wato http ko https da ke farkon adireshi, da sunan shafin, da lambar ƙofar da aka shiga ta cikinta a kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Idan ɗaya daga cikin ukun ya bambanta, asali ya bambanta, kuma umarnin wannan shafi ba shi da izinin karanta ajiyar wancan.

Sai dai intanet ba za ta yi aiki ba idan aka rufe ko'ina ruf. Shafin labarai na ɗauko bidiyo daga YouTube, da talla daga wani kamfani, da maɓallin shiga ta asusun Google ko Facebook. Dole burauza ta bar wasu tagogi a buɗe, ta tsaya tana tantance abin da zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Yawancin ɓarakar daga nan take fitowa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manyan ɓarakokin da aka gano

A shekarar 2014 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Pakistan, Rafay Baloch, ya bayyana ɓaraka a burauzar da ke zuwa da wayoyin Android da suka girmi Android 4.4. Ta hanyar cusa wani harafi da ba ya bayyana a ido a gaban umarni, mugun shafi na iya tsallake ƙa'idar asali ɗaya gaba ɗaya, ya karanta abin da ke cikin wani shafi da mutum ya riga ya shiga. A lokacin mafi yawan wayoyin Android na duniya tsofaffin nan ne. A farkon 2015 ta fito fili cewa Google ya daina haɗa gyara da kansa ga WebView na Android 4.3 da abin da ya yi ƙasa. Daga Android 5 ne aka raba WebView da sauran tsarin wayar, ta yadda za a riƙa sabunta ta ta Play Store ba tare da jiran kamfanin da ya ƙera wayar ba.

A watan Janairun 2018 aka sanar da wata matsala mai suna Spectre, wadda tushenta ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta waya. Domin sauri, ƙwaƙwalwar kan yi hasashen aikin da za a nema a gaba ta fara yin sa, idan hasashen bai dace ba ta watsar. Amma aikin da aka watsar yana barin sawu, kuma umarnin da ke cikin wani shafi na iya bin wannan sawu, ta hanyar auna tsawon lokacin da ƙwaƙwalwar ke ɗauka, har ya karanto bayanan da ke kusa da nasa. Maganin da Google ya kawo shi ne keɓe kowane shafi a nasa ɓangaren na ƙwaƙwalwa. An kunna wannan a Chrome 67 na kwamfuta a 2018. A wayoyin Android sai a 2019 ya iso da Chrome 77, kuma an taƙaita shi ga wayoyin da ke da RAM na gigabait 2 ko fiye, ga shafukan da ake shigar da kalmar sirri a cikinsu, saboda keɓewar na cin ƙwaƙwalwa.

Wadda ta fi yin suna a 'yan shekarun nan ita ce ta Safari 15. Kamfanin FingerprintJS ya sanar da masu kula da injin Safari a ranar 28 ga Nuwamban 2021, sannan ya bayyana wa duniya a tsakiyar Janairun 2022. Shafuka na da wani rumbun ajiya a cikin burauza mai suna IndexedDB. Kuskuren shi ne duk lokacin da wani shafi ya buɗe rumbunsa, sai Safari ta ƙirƙiri rumbu mai suna iri ɗaya, fanko, a sauran shafukan da ke buɗe. Abin da ke cikin rumbun bai fita ba, sunansa ne ya fita. Amma suna kaɗai ya isa ya nuna shafukan da mutum ke ziyarta. Bugu da ƙari, shafukan Google irin su YouTube na sanya lambar asusun mutum a cikin sunan rumbun, kuma da wannan lamba ana iya samo hoton da ya ɗora a asusunsa. A kan iPhone da iPad matsalar ta shafi har Chrome da Firefox, domin a lokacin duk burauzar da ke kan waɗannan na'urori injin Apple mai suna WebKit take amfani da shi. Apple ya fitar da gyara ranar 26 ga Janairun 2022 a cikin iOS 15.3, kusan wata biyu bayan an sanar da shi.

A watan Mayun 2025 Google ya toshe wata ɓarakar a Chrome 136, mai lamba CVE-2025-4664. Idan shafi ya ɗauko hoto daga wani wuri, burauza kan gaya wa wurin daga wane shafi buƙatar ta fito, amma a taƙaice. Kuskuren ya bai wa mai hoton damar sa Chrome ta turo masa cikakken adireshin. Wani lokaci a jelar adireshin akwai lambar wucin gadi da shafi ke amfani da ita wajen shigar da mutum asusunsa, kuma wanda ya samu wannan lamba zai iya ƙwace asusun.

Akwai kuma tsohuwar matsala da ta shafe fiye da shekara 20. Burauza kan sauya launin adireshin da mutum ya taɓa dannawa, daga shuɗi zuwa shunayya. Mugun shafi na iya jera adireshi masu yawa a ɓoye, ya duba waɗanda launinsu ya sauya, ya san inda mutum ya taɓa zuwa. An rage ƙarfin wannan dabara tun wajajen 2010, amma sai a Chrome 136 na 2025 aka mayar da sauyin launin ya dogara ga shafin da aka yi dannawar daga cikinsa.

Wani lokacin kuma ba kuskure ba ne, dabara ce ta kamfani. A watan Yunin 2025 masu bincike daga cibiyar IMDEA Networks ta Sifaniya da jami'ar Radboud ta Holan da KU Leuven ta Beljiyam sun nuna cewa manhajojin Facebook da Instagram a kan Android na karɓar saƙo a ɓoye daga alamar bin sawu ta kamfanin Meta da ke cikin shafuka masu ɗimbin yawa. Ta haka ake iya haɗa shafin da mutum ya buɗe a burauza da asusunsa na ainihi, ko da ya yi amfani da yanayin sirri. Sun samu irin wannan a manhajojin kamfanin Yandex na Rasha. Meta ya dakatar da abin a daidai lokacin da binciken ya fito.

Abin da ke fita da abin da ba ya fita

Ɓarakokin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi na nuna shafukan da mutum ke ziyarta. Na tsakiya na nuna ko shi wane ne. Mafi muni na bai wa mai kutse damar karanta saƙonni ko shiga asusu kamar shi ne mai shi.

Kuɗin da ke cikin MoMo ba ta burauza ake taɓa su ba idan mutum na amfani da lambar *170# ta MTN, domin wannan hanya ba ta bi ta intanet. Yawancin satar kuɗin waya a Ghana ta hanyar yaudara ake yin ta: a kira mutum a ce an tura masa kuɗi bisa kuskure, ko a ce daga kamfani ake kira, har a sa shi ya amince da cire kuɗi ko ya faɗi lambar sirrinsa. Sai dai bayanan da suka zurare su ke ƙara wa irin wannan ƙarya ƙarfi. Wanda ya kira ya ambaci cikakken sunan mutum, ya san bankin da yake hulɗa da shi, ya san yana neman fasfo ko gurbin makaranta ga ɗansa, ya fi saurin samun amincewa.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Shafukan da mutum ke buɗewa na iya nuna ciwon da yake fama da shi, ko bashin da ke kansa, ko ra'ayinsa na siyasa. A yankin Bawku, inda rikicin sarauta ya daɗe yana jawo asarar rayuka da dokar hana fita, sanin irin labaran da mutum ke bi da rukunin da yake ciki ba ƙaramin abu ba ne. Haka yake ga ɗan jarida ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ghana da Burkina Faso da Togo.

Abin da ke sa gyara makara a irin su Binduri

Gundumar Binduri tana Yankin Gabas ta Sama na Ghana, an yanke ta ne daga Bawku a 2012. Mafi yawan jama'arta manoma ne, kuma an san yankin da noman albasa na rani a bakin kogin Farin Volta. Manomi ko dillalin da ke kai kaya kasuwar Bazua ko ta Bawku da waya yake jin farashin Kumasi da Akra, da ita yake karɓar kuɗi, da ita yake magana da 'yan uwa a Sinkase ko Maraɗi. Waya ɗaya ce ofis, ita ce banki. Abubuwa huɗu ke sa ta kasance a baya wajen tsaro.

Na farko shi ne shekarun wayar. Burauza ba ta ci gaba da tallafa wa tsohon tsari har abada. Daga Chrome 120, a ƙarshen 2023, sai Android 8 ko sama. Daga Chrome 139, a 2025, sai Android 10 ko sama. Wayar da ta tsaya a Android 8 ko 9 za ta ci gaba da buɗe shafuka kamar kullum, amma gyara ya daina zuwa mata. Haka tsohuwar iPhone ta hannu da Apple ya daina turo wa sabuntawa.

Na biyu shi ne ƙarfin wayar. Wayoyi masu araha da suka cika kasuwannin yankin, musamman tsofaffin samfura da masu tsarin Android Go, da yawansu RAM ɗinsu bai kai gigabait 2 ba, wato ba su kai ma'aunin da aka sa wa kariyar keɓe shafuka ba.

Na uku shi ne tsadar data da raunin sabis. Mutane da yawa kan kashe sabuntawa ta kai tsaye don kada ta cinye musu data, ko su bar ta a kan sai an samu Wi-Fi, wanda a ƙauye ana iya yin watanni ba a gan shi ba. Wasu kuma daga wayar aboki suke karɓar manhaja ta Xender, ko mai gyaran waya ya zuba musu. Manhajar da ta zo ta wannan hanya sau da yawa tsohuwa ce, wani lokacin ma an yi mata kwaskwarima.

Na huɗu shi ne tarayya. Waya ɗaya kan zagaya hannun mutanen gida, kuma ana zuwa shagon intanet a cike fam ɗin makaranta ko a duba sakamakon jarrabawar WAEC a kwamfutar da mutane da yawa suka taɓa a rana ɗaya.

Wani abu da ke ƙara tsananta lamarin shi ne ranar da kamfani ya fitar da gyara ita ce ranar da masu kutse ke samun haske a kan inda ɓarakar take, domin suna iya kwatanta tsohuwar manhajar da sabuwa. Daga ranar, wanda ya sabunta ya tsira, wanda bai sabunta ba haɗarinsa ya ƙaru.

Matakan kariya

Babban mataki shi ne sabuntawa. A wayar Android, a buɗe Play Store a nemi Chrome da kuma Android System WebView, a sabunta su duka biyun. Ana ganin lambar Chrome da ke kan waya ta hanyar danna ɗigo uku da ke sama, a shiga Settings, sannan About Chrome. A wayar da ke Faransanci sunayen su ne Paramètres da À propos de Chrome. A iPhone gyaran Safari na zuwa ne tare da sabunta tsarin wayar baki ɗaya, a ƙarƙashin General, ko Général. Wanda datarsa ba ta da yawa zai iya ware rana ɗaya a wata, ko ya yi amfani da garaɓasar datar dare.

Mai shirin sayen wayar hannu ya duba lambar Android ɗinta da girman RAM kafin ya duba kyamara. Wanda kuma wayarsa ta riga ta tsufa, ba shi da halin sauyawa, ya guji shiga banki ko akwatin saƙo ta burauzarta. Manhajar bankin ta ainihi daga Play Store, ko lambar da ake dannawa ba tare da intanet ba, sun fi aminci.

Yana da kyau a fita daga asusu idan an gama, a kuma rufe shafukan da ba a buƙata, domin yawancin waɗannan hare-hare na cin nasara ne a kan asusun da aka bari a buɗe. Wasu kan ware burauza ɗaya don harkar kuɗi da saƙonni, wata daban don yawon kallo da karatu, tunda burauza biyu ba sa tarayya a ajiya. A shagon intanet a yi amfani da yanayin sirri, wato Incognito ko navigation privée, a rufe shi kafin a tashi. Amma a sani cewa aikin yanayin sirri shi ne hana burauza ajiye tarihi a na'urar. Ba ya ɗinke ɓarakar da ke cikin manhajar.

A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da Facebook da WhatsApp. A guji danna adireshin da ke yawo a rukunonin WhatsApp yana alƙawarin kyautar data ko tallafin gwamnati, domin kafin mugun shafi ya yi amfani da ɓaraka, sai an buɗe shi tukuna. Makullin da ke bayyana kusa da adireshi, ko https, na kare bayanai ne a kan hanya tsakanin waya da shafi. Ba shaida ba ne cewa mai shafin mutumin kirki ne.

Doka da inda ake kai ƙorafi

Ghana na da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar da masu bayanan idan wani ya kai gare su ba bisa izini ba. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ita ta kafa Hukumar Tsaron Intanet, wadda ake kai wa rahoton kutse ko damfara ta hanyar kira ko tura saƙo zuwa 292. A Nijar hukumar HAPDP aka kafa don kula da kare bayanai, a Burkina Faso CIL, a Togo IPDCP, a Najeriya kuma NDPC a ƙarƙashin dokar 2023. A matakin nahiya akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014 ta fara aiki a watan Yunin 2023.

Waɗannan hukumomi na iya bin kadin wanda aka damfara, su kuma tuhumi banki ko kamfanin da ya yi sakaci da bayanan jama'a. Ɗinke ɓarakar kanta kuwa aikin masu ƙera burauza ne, sannan sai mai waya ya karɓi gyaran kafin ya yi masa amfani. Wanda ya ga alamar an shiga asusunsa ya fara da sauya kalmar sirri daga wata na'ura da ya amince da ita, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ya sanar da bankinsa ko kamfanin layinsa, sannan ya kai rahoto.